Kiɗan Mozat: Nawa Ya Kamata Mutum Ya Tara?

'Yan makaranta, yau za mu taɓa wata magana wadda masu sha'awar kiɗan Turawa suka daɗe suna ja-in-ja a kanta. In mutum ya ji kiɗan wani gwani ya yi masa daɗi, har ya ƙudura a ransa zai riƙa tara fayafayansa, to, nawa ya kamata ya tara? Ya kwashe dukan abin da gwanin ya bari, ko kuwa ya zaɓa? Kada ku ɗauki tambayar da wasa, gama kuɗin ɗan makaranta kaɗan ne, lokacinsa kuwa ya fi kuɗin ƙaranci. Wanda ya ɓatar da su biyu wajen tara abin da ba zai saurara ba, ya yi hasarar da ba mai biyansa.

Don kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki gwani guda mu auna da shi. Sunansa Mozat, amma a jikin faifai za ku ga an rubuta Mozart. An haife shi a garin Salzburg, cikin ƙasar da a ke kira Ostiriya yanzu, ran 27 ga Janairu, 1756. Ya rasu a birnin Biyana ran 5 ga Disamba, 1791, yana da shekara 35 kacal. Ku sani, manyan makaɗan Turawa su kan rubuta kiɗansu a takarda da waɗansu alamu, yadda ko bayan mutum ya mutu waɗansu za su iya duba takardar su kaɗa daidai yadda ya tsara. Saboda haka kusan duk abin da hannun Mozat ya rubuta, tun yana ɗan shekara 5 har ya kwanta ciwon ajali, in dai takardar ba ta ɓace ba, yana nan ana iya jinsa yau.

Yawan Abin

Cikin 1862 wani masani mai suna Köchel ya bi ayyukan Mozat ɗaya ɗaya, ya jera su bisa ga lokacin da aka yi su, ya ba kowane lamba, daga 1 har 626. Shi ya sa in kun duba sunan kowane kiɗa nasa za ku ga harafin K da lamba a gefe. A 1991, da aka cika shekara 200 da rasuwarsa, kamfanin Philips ya fitar da dukan kiɗansa cikin faifan sidi 180. A 2016 kuma aka sake fitar da wani babban akwati mai faifai 200, wanda jinsa duka zai ci sa'a 240. Ku yi lissafi da kanku: kwana 10 ke nan cur, dare da rana, ba barci, ba cin abinci. In kuwa mutum ya ce zai riƙa jin sa'a guda kowace rana, sai ya yi wata 8 kafin ya kai ƙarshe, alhali bai maimaita ko ɗaya ba.

A zamanin garmaho kuɗi ne ke yanke wannan shari'a, domin fuskar faifai guda ba ta ɗaukar fiye da minti 4 ko 5, kiɗa guda mai tsawo kuwa sai ya ci fayafai da yawa. Dole mutum ya zaɓa ko yana so ko ba ya so. Yanzu kuwa duk yana cikin intanet, yaro da waya a hannu ya fi attajirin da yawan kiɗa. Amma kunnen mutum bai ƙaru ba, yini ma bai ƙara tsawo ba. Ashe tambayar tana nan inda ta ke.

Hujjar Masu Cewa A Kwashe Duka

Masu wannan ra'ayi suna da hujja, ya kamata mu ji ta tukuna. Sun ce gwani gwani ne, ko tarinsa ya fi waƙar wani. Sun ce kuma ba ka sanin mutum sai ka san mafarinsa, da rarrafe yaro kan tashi. Wa zai ƙi jin kiɗan da yaro ɗan shekara 8 ya tsara wa taron makaɗa a birnin Landan cikin 1764? Daɗin daɗawa, sun ce wanda ya zaɓar maka ya mallaki kunnenka, watakila abin da ya yar shi ne zai fi shiga ranka.

Duk mun yarda akwai gaskiya a ciki. Amma akwai abu uku da su kan manta.

Na fari, ba duk abin da ke ɗauke da sunan Mozat ne nasa ba. Akwai wani irin dogon kiɗa da taron makaɗa ke yi ba tare da mawaƙi ba, ana kiransa simfoni. An saba cewa Mozat ya yi 41. To, na 3 aikin wani ne mai suna Abel, Mozat ya kwafe shi ne kawai yana yaro don koyo. Na 37 kuwa na Mika'ilu Haidin ne, abin da Mozat ya sa a ciki ɗan gabatarwa ne kurum. Haka kuma kwanceton fiyano, watau kiɗan da fiyano ke amsa wa taron makaɗa suna amsa masa: cikin 27 da a ke lissafawa, huɗu na farko kiɗan waɗansu mutane ne yaron ya sake wa tsari a 1767. Wanda ya ce sai ya tara duka, ya sayi kayan maƙwabta da sunan mai gida.

Na biyu, Mozat bara ne shekara da shekaru, bara kuwa abin da aka sa shi ya ke yi. A Salzburg yana ƙarƙashin Babban Bishop Colloredo, wanda shi ne kuma mai mulkin ƙasar. Kun san halin makaɗin fada ko a ina ya ke: in ubangida ya yi baƙi a kaɗa, in ana biki a kaɗa, ko ran makaɗi na so ko ba ya so. Da yawa daga kiɗan da ya yi a wannan zamani an yi su ne don manya su ci abinci suna taɗi, kiɗa na tashi a gefe. Akwai gajerun kaɗe-kaɗe 17 da ya yi don a cike ɗan lokacin da ke tsakanin karatu biyu cikin coci, gama Bishop ɗin ba ya son sujada ta wuce minti 45. Ko a Biyana ma, da Sarki Josef na 2 ya ba shi muƙami a watan Disamba 1787 da albashin fulorin 800 a shekara, babban aikin muƙamin shi ne tsara kiɗan rawa don bukukuwan fada. Waɗannan duka tsaf su ke, ba aibi, kamar ɗinkin gwanin tela. Amma in ka ji biyar ka ji hamsin. Mai su da kansa bai yi su don a zauna a yi shiru a saurara ba.

Na uku, shi ne mafi girma, yaro mai ban mamaki daban, gwani daban. Abin da ke sa mu riƙe baki ga simfonin ɗan shekara 8 shi ne shekarun nan 8. A ɓoye mana sunan mai shi da shekarunsa, sai mu ce kiɗa ne mai daɗi irin na zamaninsa, mu wuce. Kiɗan da ya cancanci a ajiye shi kuwa shi ne wanda zai kama ka ko ba ka san wanda ya yi shi ba, ka ji shi sau goma, a na goma sha ɗaya ka tsinci abin da ba ka ji ba a da.

Ma'auni Mai Sauƙi

Ga wata dabara da za ta yi muku amfani, tun da ya ke ku masu lissafi ne. Ku ɗauki lambar K, in ta wuce 100, ku raba ta da 25, ku ƙara 10. Abin da ya fito, kusan shi ne shekarun Mozat sa'ad da ya yi kiɗan. Ku gwada da 550: a raba da 25 ya ba da 22, a ƙara 10 ya zama 32. Haka ne kuwa, a 1788 ya yi shi, yana da shekara 32. Dabarar ba ta faɗuwa daidai kullum, amma ba ta cika yin nisa da gaskiya ba.

To, ku riƙe lamba 375, watau shekara 25. A 1781 ne Mozat ya ɓata da Bishop, har wani bafade ya kore shi da shuri, ya zauna a Biyana yana cin gashin kansa. Daga nan kiɗansa ya sake. Dalili kuwa a fili ya ke. Yanzu sai ya gamsar da mutanen da suka biya kuɗinsu suka zo don su saurara. A 1782 wani babban mutum mai suna van Swieten ya buɗe masa takardun tsofaffin gwanaye biyu, Bak da Handal, ya koyi yadda a ke saƙa murya huɗu ko biyar kowace na bin hanyarta ba tare da sun yi karo ba. Ya kuma yi abota da Yusufu Haidin, wan Mika'ilun nan da muka ambata, wanda ya girme shi da shekara 24, ya ga yadda dattijo ke gina dogon kiɗa daga ɗan ƙanƙanen abu. Shekara 10 ɗin nan na ƙarshe, nan rumbun tsaba ya ke.

Abin Da Za A Tara

Mu fara da kwanceton fiyano, gama a nan ne ba shi da na biyu. Tsakanin 1784 da 1786 ya yi 12, daga na 14 zuwa na 25, yawancinsu don ya kaɗa da hannunsa gaban jama'a. A ɗauke su duka, a ƙara da na 27. In kuna jinsu ku kasa kunne ga masu busa. A wurin waɗanda suka riga shi, masu busa 'yan rakiya ne kurum. A wurinsa kuwa fiyano ya faɗi magana, sarewa ta amsa, wani abin busa ya karɓe ya juya ta, kamar hirar aminai. Na 20, K. 466, ya fara ne da wata irin rawar jiki a ƙasa-ƙasa kamar hadari na haɗuwa. Betoban da kansa ya kaɗa shi, har ya rubuta abin da zai ƙara a ciki. Tsakiyar na 23, K. 488, baƙin ciki ne na mutumin da ya ƙi ɗaga murya.

Cikin simfoni a ɗauki shida na ƙarshe waɗanda nasa ne: na 35, da 36, da 38, da 39, da 40, da 41. Uku na ƙarshen nan cikin damina guda ya gama su a 1788: ɗaya ran 26 ga Yuni, ɗaya ran 25 ga Yuli, ɗaya ran 10 ga Agusta, a lokacin da bashi ya yi masa katutu yana ta rubuta wa abokinsa takardar neman rance. Duk da haka ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. A ƙarshen na 41 ya ɗauki karin kiɗa biyar da ya riga ya gabatar ɗaya ɗaya, ya sake su gaba ɗaya a lokaci guda, kowane na tafiyarsa, ba wanda ya taka wani. Wannan minti guda ya fi simfoni ashirin na ƙuruciyarsa.

Sai kiɗan mutum huɗu masu goge, manya da ƙanana. Akwai shida da ya yi tsakanin 1782 da 1785 ya sadaukar ga Haidin, ya kuma faɗa da kansa cewa sun ba shi wuya ƙwarai, ya daɗe yana fama da su. Takardunsa sun shaida haka, gama cike su ke da gyare-gyare. Ku lura da wannan, ku da a kan gaya wa cewa gwani ba ya shan wahala: kowa ya ci zomo ya ci gudu. Da Haidin ya ji uku daga cikinsu a 1785, ya shaida wa mahaifin Mozat cewa bai san mai tsara kiɗa da ya fi ɗansa ba. A haɗa da na mutum biyar guda biyu na 1787, K. 515 da K. 516, da biyun da ya yi wa abokinsa Stadler mai busa kilarinet, K. 581 da K. 622.

Sa'an nan ofera, watau wasan kwaikwayo da a ke yi da waƙa. Huɗu ne ba makawa: Auren Figaro na 1786, da Don Giovanni da aka fara nunawa a birnin Purag a 1787, da Così fan tutte na 1790, da Sarewar Sihiri ta 1791. A Figaro, labarin bara ne da ya fi ubangidansa wayo. Ƙarshen kashi na biyu ya kai minti 20 kiɗa bai tsaya ba: an fara da miji da mata suna faɗa, mutane na ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sabuwar rigima, har suka zama bakwai suna waƙa tare, amma kana iya rarrabe mai fushi da mai tsoro da mai dariya a ciki. Wanda zai ji ofera ya nemi labarin ya karanta tukuna, in ba haka ba rabin daɗin ya wuce shi.

Daga kiɗan coci a ɗauki uku. Akwai babba, K. 427, wanda bai ƙarasa ba. Akwai K. 626, waƙar addu'a ga mamaci, wadda wani mai sarauta ya aiko a yi masa a ɓoye saboda matarsa da ta rasu. Mozat ya mutu bai gama ba, almajirinsa Süssmayr ya cike sauran. Sai ɗan ƙarami, K. 618, na watan Yuni 1791, wanda bai fi minti 3 ko 4 ba. Kada ku raina shi don gajartarsa.

Kada kuma a rufe ƙofa ga ƙuruciya gaba ɗaya, gama Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta. Akwai 'yan kaɗan ƙasa da lamba 375 da suka isa su zauna da manya: simfoni na 25 da ya yi yana da shekara 17, da na 29; kwanceton goge na 3 da na 5, na 1775; kwanceton fiyano na 9, K. 271, na Janairu 1777, wanda mu a ganinmu nan ne yaro ya zama gwani, da K. 364 na goge biyu, ƙarami da matsakaici. Da oferar Idomeneo ta 1781.

In kun ƙidaya duk waɗannan ba su kai 50 ba, jinsu kuwa zai ci wajen sa'a 35. Watau kusan kashi ɗaya bisa bakwai na babban akwatin nan. Wannan ita ce amsarmu. Mun san akwai masu cewa mun yi rowa, mun bar kiɗan fiyano shi kaɗai, da na ƙaho, da waɗansu. Ba mu hana ba. Wanda ya ƙoshi da waɗannan, kunnensa ya riga ya waye, shi zai zaɓar wa kansa sauran ba sai mun gaya masa ba.

Ramin Da Ke Ɗaya Gefen

Amma fa kada garin gudun gara a faɗa gidan zago. Akwai masu sayar da faifai guda su ce ga Mozat duka a ciki. In ka duba sai ka tarar sun yanko minti uku nan, minti huɗu can, inda kiɗan ya fi zaƙi. Wannan kamar a tsame nama ne a zubar da miya da tuwo. Simfoni guda kashi uku ne ko huɗu, kowane kashi yana jingine da na gabansa. Sanyin na biyu ba ya shiga jiki sai wanda ya sha zafin na fari. Gara kiɗa guda cikakke da gutsattsari ashirin.

Akwai kuma masu sayen Mozat kamar magani. A 1993 waɗansu masana a Amurka suka gwada ɗalibai 36, suka sa musu K. 448 na minti 10, suka ga sun ɗan fi ƙoƙari a wata irin jarrabawa ta siffofi. Amfanin bai wuce kamar kwata na sa'a ba, waɗanda suka sake gwadawa daga baya kuma ba su sami wani abin kirki mai ɗorewa ba. Duk da haka labari ya bazu cewa kiɗan Mozat na ƙara basira, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya ya nemi a riƙa ba kowane jariri faifai. 'Yan makaranta, kada wani ya ruɗe ku. Mozat ba zai ci muku jarrabawa ba, karatu ne zai ci. A ji shi don abin da ya ke, ya isa.

Wa Ya Kamata Ya Tara Duka?

Ɗakin karatu. Nan ne mazaunin babban akwati, yadda ƙamus ke zaune a kan tebur: ba mai karanta shi daga bango zuwa bango, amma dole a same shi ran da a ke bukata. Masana kuma aikinsu ne su bi kowane gutsure. A 2024 aka gano wani ɗan kiɗa na ƙuruciyar Mozat a wani ɗakin karatu na birnin Leipzig a Jamus, na masu goge uku, mai tsawon kamar minti 12, aka ba shi lamba K. 648. Abin murna ne ga masu binciken tarihi, ya kuma kyautu kowa ya ji shi sau ɗaya. Amma bai ture ko ɗaya daga cikin waɗanda muka lissafa ba.

Kai kuwa ɗan makaranta, ko 50 ɗin ma kada ka rungume su rana ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa. Fara da uku: simfoni na 40, da kwanceton fiyano na 23, da kwanceton kilarinet. Ka ba kowane mako biyu. Ka ajiye littafi da hira, ka zauna ka ji shi daga fari har ƙarshe. Ran da ka iya rera abin da zai zo kafin ya zo, ya zama naka, sai ka ƙara wani. In ka sami hali, ka nemi kiɗa guda a hannun makaɗa biyu daban, ka ji yadda waɗannan suka yi sauri waɗancan suka ja, ka yanke wa kanka wanda ya fi dacewa, ka kuma iya faɗin dalili. Wannan zai koya maka fiye da abin da sabon faifai goma zai koya maka.

Ma'aunin nan kuwa ba na Mozat kaɗai ba ne. Haidin ya bar simfoni 104 masu lamba, Bak ya bar ayyuka fiye da 1,000. Duk wanda kuka tunkara cikinsu ku yi tambaya uku: shi ya yi shi da gaske? Don a saurara aka yi shi, ko don a cike wuri? Ya yi shi yana koyo, ko bayan ya ƙware? Wanda ya san kiɗa goma har cikin ransa ya fi mai ɗari shida a kan kanta arziki. Sannu ba ta hana zuwa. In kun gwada ukun nan, ku rubuto mana wanda ya fi kama ku, da dalilinku.